Rumbunan Ranau da 'Ya'yansa Uku

To, tunda an tashi daga sujada, mata kuma sun ce tuwo da saura, ku matso cikin inuwa in ba ku abin da za ku tauna kafin a kwashe. Amma da sharaɗi. In na kai ƙarshe ba mai sulalewa, kowa sai ya faɗi nasa, har ku masu noƙe kai a baya.

A wani ƙauye da ake kira Rafin Kanya, can inda mota ba ta shiga da damina, an yi wani manomi mai suna Ranau. In ana maganar noma a yankin, sai an ajiye Ranau gefe guda tukuna sannan a yi maganar sauran. Rumbunansa tara ne jere a bayan gida, akwai dawar da ta shekara shida a ciki ba a taɓa ta ba. Kullum da safe, tun kafin ya wanke ido, sai ya ɗauki sandarsa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, yana kara kunne. Kun san cikakken rumbu ba ya ƙara, wani ɗan dum yake yi can ciki. In Ranau ya ji dum ɗin nan sau tara, to ranar ta yi kyau, ya iya amsa gaisuwar mutane.

Kirista ne fa, kada ku ce ban faɗa ba. Tun yana saurayi aka yi masa baftisma, bencinsa na gaba a majami'a, kuma ba ya fashi. Sai dai in ana addu'a ido ɗaya yake rufewa, ɗayan yana leƙen hadari ta taga. Ranar godiyar kaka kuwa shi da kansa yake ɗaure damin da zai kai. Sai ya tsinto zangarniyar da tsuntsu ya riga ya ci rabonsa, ya ɗaure ta sako-sako don ta yi faɗi, ya ɗora wa mutum biyu su shiga da ita suna nishi. Kowa ya san abin da ake ciki, ba dai mai magana.

Ke Damaris, bar dariyar nan haka, ki ji abin da ya mai da shi haka. Yana ɗan shekara tara aka yi wata muguwar yunwa. Mahaifinsa mutum ne mai gida cike da jama'a, ana ci ana sha. Da rumbun ya ƙare sai 'yan'uwa suka riƙa zamewa ɗaya-ɗaya, wannan ya ce zai je neman aiki, wancan ya ce zai dubo dangin matarsa. Tsohon ya mutu a zaure, ba mai miƙa masa ruwa sai Ranau. Tun daga ranar Ranau ya ƙulle a ransa cewa ba a son mutum, abin hannunsa ake so, kuma ranar da rumbunka ya zama fanko ranar za ka ga ƙeyar kowa, har wanda ka haifa. Da wannan tsoron yake kwana, da shi yake tashi, shekara sittin. Ba dawar yake so ba, jama'a, tsoro yake ji kada a bar shi shi kaɗai a zaure.

Matarsa Tabita ta rasu ta bar masa 'ya'ya uku, kuma duka ukun ba wanda ya iya zama da shi. Babban shi ne Irmiya. Ya gaji da yadda uban ke auna wa matarsa hatsi da ɗan ƙoƙo kamar mai ba da magani, sai ya koma bakin fadama ya yi gidansa. Abin da ya mallaka duk duniya bijimai biyu ne da amalanke da gonar shinkafa ɗaya. Ta biyu ita ce Keziya. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, uban ya ba ta aron wata gona, kuma duk farkon damina sai ya tuna mata cewa aro ne. Autan shi ne Sila. Wata shekara da abinci ya yi wuya a tsakiyar damina, Sila ya hau tsohon rumbu ya sauke dami biyar ya kai wa wasu tsofaffin mata da suka kwana uku suna dafa ganyen tafasa. Da uban ya gane, sai ya jefo masa tabarmarsa waje, ya ce kada ƙafarsa ta sake taka gidan. Sila ya haye kogi ya tafi gari, ya shiga aikin kafinta. Shekara bakwai ba su sa juna a ido ba.

Ana nan, wata shekara gero ya yi kyau irin wanda ba a taɓa gani ba. Ranau ya sa aka girbe aka kwantar da shi, sannan ya kira gayya ranar Juma'a don a yanke zangarniya a ɗaure. Ku yaran yanzu ba ku san wuyar gayya ba. Sai ka bi ƙauyuka ka roƙi mutane, a jiƙa hatsin kunu, a yanka akuya, a kira makaɗi. In ranar ta watse kuwa, sai kowa ya gama nasa kafin a sake waiwayarka, geron da ke kwance a ƙasa kuma ba ya jira, ruwa biyu ya ishe shi ya tsiro.

Ranar Laraba da hantsi Ranau yana zagaya gonar shi kaɗai, ya sa ƙafa ya ɗaga wani tarin kara don ya ga ko ƙasan ya bushe. Sai ya ji cas a idon sawu. Kububuwa ce, wadda wasu ke ce wa gobe-da-nisa. Ya sa sanda ya kashe ta, ya tsaya yana kallonta. Ya san abin da ya kamata, ba yaro ba ne. Amma sai ya ɗaga kai ya dubi gero har iyakar ganinsa, ya dubi hadarin da ke haɗuwa a gabas, ya ce a ransa in aka ji labarin nan gayya ta mutu. Sai ya tone rami ya binne macijiyar don kada wani ya gani, ya yagi gefen rawaninsa ya ɗaure wurin, ya koma gida ya sa doguwar riga mai jan ƙasa. Ya ce kwana biyu ne kawai, in aka ɗaure dami sai ya nemi magani.

Muguntar kububuwa ke nan, ba ta kayar da mutum nan take. Laraba ta wuce, zafi ne kawai da kumburi. Alhamis ma ya lallaɓa ya ƙwanƙwasa rumbunansa. Har ya fara yaba wa kansa, yana cewa jininsa mai ƙarfi ne.

Ranar Juma'a gona ta cika. Makaɗi yana kiɗa, samari suna rige-rige, mata suna kai kunu. Ranau yana zaune a gindin kanya ya miƙe ƙafar a ƙarƙashin riga, yana ba da umarni da baki. Wajen tsakar rana Keziya ta kawo masa kunu a farar ƙwarya, ta durƙusa ta miƙa. Ya sha ya mayar mata. Tana karɓa ta ga jini a bakin ƙwaryar. Ta ɗago ta dube shi da kyau, sai ta ga dasashinsa yana tsattsafo jini, wani ɗan yankan aska da ya samu wajen wanzami tun makon jiya shi ma ya buɗe. Keziya ba ta bukatar a gaya mata, domin saran kububuwa ne ya kashe mijinta, haka ta zauna tana kallonsa har ya cika.

Ta ce, "Baba, yaushe ta sare ka?"

Ranau ya cafke hannunta, ya yi ƙasa da murya. Ya ce, "Shekaranjiya. Saura kaɗan a gama. In kika buɗe baki kafin a ɗaure damin ƙarshe, ki kwashe 'ya'yanki daga gonata, kada in sake ganin fartanyarki a ciki."

Kuma ta san ba wasa yake yi ba, mutumin da ya kori ɗan cikinsa kan dami biyar. Gonar nan ita ce tuwon yaranta huɗu, ba ta da wata, dangin mijinta ma ba su da abin ba ta. Ta yi shiru, hawaye suka cika mata ido. Ranau ya ga shirun ya ji sanyi a ransa, ya ce ai dama ya sani, gona ta fi uba. Sai Keziya ta zare hannunta, ta ajiye ƙwarya, ta ratsa ta cikin maza har wurin makaɗi, ta ɗora tafinta a kan gangar. Kiɗa ya tsaya cak.

Ta ɗaga murya ta ce, "Jama'a, ku ajiye wuƙaƙe! Kububuwa ta sari Baba tun shekaranjiya, jini ya fara zuba!"

Kan ka ce me gayya ta watse. Ranau ya miƙe zai yi mata tsawa, sai duniya ta juya masa, ya zube a gindin kanyar.

To, an sani yanzu, amma sanin bai kai shi asibiti ba. Asibitin mishan yana gari, hayin kogi, tafiyar rabin yini ce a ƙafa, hanya duk ta zama taɓo, ko babur ba ya ratsawa. Abin da zai iya ɗaukar mutum a kwance duk ƙauyen amalanken Irmiya ne kaɗai. Irmiya kuwa bai zo gayyar ba, yana da tasa damuwar. An tafka ruwa a tudu kwana biyu, kogi yana tasowa yana shiga fadama, shinkafarsa kuma tana yanke a ƙasa, abincin shekara guda. In ya yi sawu shida kafin la'asar ya tsira da ita. Ya gama loda sawun farko ke nan aka zo masa da labari a guje.

Bai tsaya tambaya ba. Ya kwance igiya, ya ture lodin a nan inda yake, ya juya kan shanu. Matarsa ta ɗora hannu a ka ta ce, "Baban Rahila, shinkafar fa? Me yara za su ci?" Ya ce, "Ki kai su tudu, ruwa na zuwa."

Aka shimfiɗa Ranau a amalanke, Keziya ta riƙe kansa a cinyarta, samari huɗu suka biyo baya. Hanyar mashigi ta gefen fadama take bi. Suna wucewa Ranau ya ɗan farfaɗo, ya buɗe ido ya hango shinkafar ɗansa zube, ruwa har ya fara lasar gefenta. Ku ji mutum fa, yana bakin mutuwa, amma sai ya ce, "Kai, mahaukaci ne kai? Sauke ni ka kwashe shinkafarka!" Irmiya ko waiwaye bai yi ba. Ya ce, "Baba, ka kwanta."

Da suka isa mashigi ruwa ya kai wa mutum ƙirji, ja wur, yana tafe da itatuwa. Irmiya ya tuɓe riga ya shiga gaba yana jan shanun yana kiran sunansu, samarin suna turawa a baya. Sun kai tsakiya sai bijimin hagu ya zura ƙafa tsakanin duwatsu, aka ji ƙas, ya durƙushe. Amalanke ya karkata, ruwa ya fara hawa kan Ranau. Irmiya ya zaro wuƙa ya yanke igiyar bijimin, bijimin da ya raina tun yana maraƙi, ya bar wa samari biyu su ja shi gefe. Sannan ya sa kafaɗarsa inda wuyan bijimin yake, ya jera da ɗayan, suka ja. Ranau yana kwance yana kallon bayan ɗansa, itacen da ake ɗora wa shanu a wuya ya saɓule masa fata jini yana bin ruwa. Haka suka yi ta ja har suka fita tudu. Bijimin a bakin kogi aka yanka shi, samarin suka tsaya kansa. Shinkafar kuwa kafin rana ta faɗi ko ƙwaya ba ta rage ba.

Daga bakin titi suka samu mota ta ƙarasa da su. Abin da ya biyo baya Ranau bai gani ba, ba ya cikin hayyacinsa, daga baya aka ba shi labari. Likita ya yi masa allurar maganin dafin, ya ce maganin zai tsayar da zubar, amma jinin da ya riga ya fita ya yi yawa, in ba a ƙara masa yau ba da wuya ya kai gobe. Aka gwada Irmiya, nasa bai dace ba. Aka gwada Keziya, aka ce nata ita kanta bai ishe ta ba. Suka dubi juna, kowa ya san sunan da ke ran ɗan'uwansa.

Keziya ta san inda Sila yake aiki, don takan aika masa daddawa a ɓoye. Ta isa shagon aka ce yana tasha. Ashe ranar ce ranar da ya shekara bakwai yana jira. Maigidansa ya samu aikin rufin wata babbar makaranta a wani birni mai nisa, aikin shekara biyu, kuma ya zaɓi Sila ya zama shugaban masu rufi. Daga wannan aikin mutum yake buɗe shagon kansa ya yi aure. Ta same shi a saman babbar mota, an gama lodi an ɗaure tamfol, akwatin kayan aikinsa yana can ƙarƙashin katako, direba har ya tayar da inji. Ta tsaya a ƙasa, jiƙe da ruwan kogi, ta gaya masa.

Sila bai sauko nan take ba. Kada ku ɗauka waliyyi ne, haushin nan yana nan ɗanye. Ya tuna yadda ya kwana wata uku a rumfar kasuwa, da yadda aka yi Kirsimeti bakwai ba wanda ya ce masa zo gida. Ya ce, "Yaya, shi ya ce ki kira ni?"

Ta ce, "Bai ce ba. Yanzu ko sunan kansa bai sani ba."

Maigidan ya leƙo daga gaban mota ya ce shi ba zai kwance lodi don akwati ɗaya ba, ba zai jira ba, kuma wanda ya sauka ya sauka ke nan, akwai mutum goma masu son wurin. Sila ya sunkuyar da kai, leɓɓansa suna motsi cikin addu'a. Sai ya kama igiyar tamfol ya diro. Motar ta tafi da zartonsa da gudumarsa da duk abin da ya tara. Aka gwada jininsa ya dace. Aka ɗiba ranar, bayan kwana biyu likita ya ce ana bukatar ƙari, amma bai so a sake ɗibar na mutum ɗaya. Sila ya nace ya miƙa ɗaya hannun, har sai da jiri ya kwantar da shi a benci.

Rana ta huɗu da safe Ranau ya buɗe ido. Kun san abin da ya fara tambaya? Geron! Keziya ta gaya masa gaskiya, an yi ruwa sau uku, fiye da rabi ya tsiro a ƙasa. Ya juyar da kai zai fuskanci bango, sai ya ga wani mutum zaune a ƙarshen gado, da auduga a manne a gwiwar hannayensa biyu, yana kore masa ƙuda daga ƙafar da mafici. Ya yi gemu, ya yi baƙi, amma goshin na Tabita ne.

Ranau ya ce, "Sila?"

Ya ce, "Na'am, Baba. Sannu."

Ranau ya rufe ido, kunya ta kama shi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma tsohon hali ba ya fita rana ɗaya. Da aka ba shi labarin shinkafa da bijimi da mota, sai ya ce a ransa, to, yanzu za su kawo bukatunsu. Ya kwanta yana jira. Kwana ɗaya, kwana biyar, mako biyu, shiru. Irmiya yakan zo ya ɗaga shi ya kai shi bayan gida, kafaɗar tasa har lokacin a ɗaure. Sila yakan wanke ƙafar da ke wari ba ya ko yamutsa fuska. Ran nan Ranau ya kasa haƙuri ya ce wa Keziya, "Maganar gonar nan da na yi..." Ta ce, "Baba, kununka zai huce." Kullum da safe su ukun sukan kewaye gadon su yi addu'a, kuma ya kasa kunne sosai, bai taɓa jin sun roƙi a mayar musu da abin da suka rasa ba. Godiya suke yi cewa ubansu yana numfashi. Abin ya fi ƙarfinsa, sai ya ja zane ya rufe fuska ya yi ta kuka.

Da kogi ya ja, Malam Filibus mai bishara na ƙauyensu ya zo dubiya. Ranau ya riƙe hannunsa ya ce, "Malam, shekara arba'in da wani abu ina zama a bencin gaba, ashe rumbu nake yi wa sujada. Ga su can tara, ko ɗaya bai tako ya biyo ni ba. Wadda na yi wa barazana ita ta yi magana, wanda na takura shi ya ɗauko ni, wanda na kora shi ya sauko daga mota. Ina suka samu wannan? Ni ban ba su ba."

Malam Filibus ya ce, "Uwarsu ta shuka, Ubangiji ya shayar. Kai ma bai gaji da kai ba, Baba Ranau, in ba haka ba da ba mu zaune muna magana."

Ranau ya koma gida da ransa, amma ƙafar ta shanye, shi da fartanya sai kallo. Ranar godiyar kaka ta zo. Shekarar ba ta yi wa mutane daɗi ba, ambaliya ta cinye gonakin fadama, damin da aka kawo majami'a duk 'yan ƙanana ne. Ana cikin sujada Ranau ya dogara sanda ya miƙe, ya roƙi jama'a gafara kan damin da ya riƙa kawowa, ya ce in an tashi kowa ya biyo shi gida da buhu. Ya sa samari suka hau suka ɗage jinkar rumbunan duka tara. Biyu mafi tsufa, ciki har da wanda Sila ya taɓa, da aka zura hannu sai gari da ƙwari, an daɗe ana ƙwanƙwasa dusa. Sauran bakwai aka raba wa waɗanda ruwa ya yi wa ɓarna. Gonakinsa ya kira dattawa aka raba uku daidai, ba wanda ya fi wani ko da kunyar noma ɗaya. Gidan kuma ya ba majami'a a saka iyalai biyu da ɗakunansu suka rushe. Abin da ya rage masa tabarma ne da bargo da sandar hannunsa.

Kada ku ɗauka da sauƙi ya yi. Yana zaune a ƙofar gida yana kallon buhuna suna fita. Da la'asar mutane suka watse, kowa da kayansa a ka, yana ganin ƙeyarsu suna tafiya, sai zauren mahaifinsa ya faɗo masa a rai. Ya ce, to Ranau, yau ga ka fanko, yanzu za ka gani. Sai dai wannan karon tsoron bai kayar da shi ba. Ya ce ko ba wanda ya waiwayo, Ubangijin da ya fisshe shi daga kogi yana nan, zai roƙi Malam ya bar shi ya riƙa kwana a zauren majami'a yana share ta. Ya naɗe tabarmarsa ya sa a hamata, ya yunƙura zai tashi.

Sai ya ji an riƙe tabarmar. Irmiya ne. Kafin ya yi magana Keziya ta kama ɗaya gefen, Sila kuma ya riga ya rungume bargon. Nan fa rigima ta tashi, irin wadda Rafin Kanya ba ta taɓa gani ba, 'ya'ya uku suna faɗa kan gurgun tsohon da ba shi da ko mudu.

Irmiya ya ce shi ne babba, kuma tun uban yana asibiti ya buga bulo ya gina masa ɗaki a gidansa, ƙofar tana kallon fadama don ya riƙa ganin noma ko ba ya yi. Ya ce wanda ya ɗauko mutum daga kogi shi zai ci gaba da ɗaukarsa.

Keziya ta ce maza ba su san jinya ba, wa zai lura da abin da ya ci da abin da ya bari? Ta ce yaranta huɗu sun tashi ba muryar namiji a gida, tana so su riƙa jin kakansu yana buɗe musu addu'ar safe, wannan ya fi mata gonar da aka ba ta.

Sila bai ɗaga murya ba. Ya ce ya kama ɗaki biyu a gari kusa da asibiti, inda za a riƙa duba ƙafar. Ya ce, "Ku kun ga Baba shekara bakwai ɗin nan, ko da faɗa ne kun ji muryarsa. Ni ban ji ba. Ku bar ni in san shi kafin Ubangiji ya kira shi."

Ranau ya zauna daɓas a ƙasa, yana dariya hawaye suna zuba cikin gemunsa. Ya ce shi dai ba zai iya zaɓa ba, a kira dattawa. Dattawa suka zo suka zauna har tuwonsu ya huce, ba su raba gardamar ba.

Na ga bakinka yana motsi, Barnaba, na san abin da za ka ce, wai ya riƙa yin wata huɗu-huɗu. An kawo wannan shawarar, tsohon ya ƙi. Ya ce ƙafarsa ba ta hawa amalanke da tsallake kogi, kuma wuri ɗaya yake so ya shimfiɗa tabarmarsa ya ƙarasa kwanakinsa. Saboda haka ku bar wannan hanyar, a rufe take.

Da Keziya ta yi shiru don gonar 'ya'yanta, da a gindin kanya ya mutu. Da Irmiya ya tsaya kwashe shinkafarsa, da bai ga hayin kogi ba. Da Sila ya zauna a kan motar nan, da gawa aka mayar gida. Kowannensu ya saki abin da yake riƙe da shi, ba tare da sanin za a mayar masa da komai ba. To, ku gaya mini, a gidan wa ya kamata Ranau ya shimfiɗa tabarmarsa?